Digirin Gidan Waya Ya Girmi Jami'ar Ibadan

Har gobe akwai masu ganin ma'aikacin da ya nemi digiri bayan ya tara iyali tamkar wanda ya shigo jami'a ta bayan gida. Tarihi bai ba su gaskiya ba. A Najeriya, hanyar yin karatun jami'a ba tare da an ajiye aiki ba ta riga ita kanta jami'ar zuwa. Tushenta yana 1858, shekarar da Jami'ar Landan ta yarda ɗalibi ya zauna jarrabawar digirinta ko da bai taɓa taka ajinta ba. Ba ta tambayar inda mutum ya yi karatu, ko da rana ya yi shi ko da tsakar dare. Abin da ya rubuta a takarda shi ne shaidarsa.

Kwalejin Jami'a ta Ibadan ba ta buɗe ba sai 1948, kuma da ɗalibai 104 kacal. Kafin nan, malamin makaranta ko akawun da ba shi da kuɗin jirgi zuwa Ingila sai ya yi rajista da makarantun koyarwa ta wasiƙa irin su Wolsey Hall da Rapid Results College. Ya tsakuri kuɗi daga albashinsa ya aika, darasi ya taho cikin ambulan ta jirgin ruwa, ya karɓa a gidan waya. In ya tashi aiki, yara sun yi barci, ya jawo fitilar ƙwai ya amsa tambayoyi, ya mayar, sannan ya jira makonni kafin takardarsa ta dawo da jan biron malamin da bai taɓa gani ba. Ta wannan hanya Obafemi Awolowo ya sami digirinsa na kasuwanci a 1944.

Masu suka sukan ce digirin da ba a zauna gaban malami ba ragagge ne. Sai dai jami'ar da ta auna ɗalibin gidan waya ita ce ta auna na cikin aji, kuma ita kanta Ibadan digirin Landan take bayarwa har 1962. Gaskiyar da ke cikin sukar ba ta wuce fannoni irin su likitanci ba, waɗanda dole sai hannu ya taɓa. Lissafin kuɗi, shari'a da tarihi kuwa, wanda ya yini yana riƙe littafin ofis ya fi sabon ɗalibi sanin inda darasin ya dosa.

Birtaniya ta ƙara faɗaɗa ƙofar a 1969 da ta kafa Open University, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1971 ba tare da neman takardar sakandare ba, tana koyarwa ta rediyo da talabijin. Mu ma mun gwada. An kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin malami ya ƙaro ilimi alli na hannunsa. Gwamnatin Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, ba ta dawo aiki ba sai a zamanin Obasanjo.

Suka ta biyu ta fi nauyi: da yawan masu farawa ba sa gamawa. Haka ne. Amma ba rashin ƙwaƙwalwa ke kayar da su ba, gajiya ce da kuɗin makarantar yara da maigidan da ba ya ba da izini ranar jarrabawa. Kuma zaɓin magidanci ba tsakanin wannan hanya da ɗakin kwanan ɗalibai yake ba, tsakaninta ne da haƙura da karatu baki ɗaya. Saboda haka shugabannin ma'aikatu da masu kamfanoni, ku riƙa ba masu karatu hutun jarrabawa da albashinsu.