Ruwan da ke ɓoye cikin man birki: daga Loughead zuwa garejojin Doka

A shekarar 1917, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, wani Ba'amurke mai suna Malcolm Loughead ya sami takardar mallakar fasaha a kan birkin da ke aiki da mai. Kafin nan da sanduna da igiyoyin ƙarfe ake tsayar da mota, kuma da wuya ƙafafun su kama daidai da juna. Loughead ya dogara ne da ƙa'idar da Blaise Pascal ya bayyana tun ƙarni na 17, cewa abu mai ruwa-ruwa ba ya matsuwa, don haka ƙarfin da aka danna a bakin bututu yana isa ƙarshensa bai ragu ba. Kamfanin Duesenberg ya sa irin wannan birki a motarsa a 1921, Chrysler ya bi sahu a 1924, shi kuwa Ford ya yi ta jan ƙafa har 1939.

Man da aka fara zubawa haɗin man zurma ne da barasa. Daga baya aka koma ga sinadaran gilaikol, waɗanda suka fi jure zafi, amma suna da hali guda: suna shan damshin iska. Injiniyoyi sun san da haka, kuma sun amince, domin gara ruwan ya narke cikin man da ya taru wuri ɗaya ya ci ƙarfe. Sharaɗin shi ne a riƙa zubar da tsohon man ana sa sabo. Ma'aunin Amurka da ake gani a jikin gwangwani ya fayyace dalili. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ma'aunin ya yarda ya sauko har 140. Na DOT 4 kuwa daga 230 ne zuwa 155. Shi ya sa yawancin masu ƙera motoci, har da Peugeot, suke cewa a sauya shi duk shekara 2.

Kaduna ta zama garin mota sosai bayan masana'antar Peugeot da ke Kakuri, a kudancin kogi, ta fara harhaɗa motoci a 1975. Fijo 504 ta zama motar ma'aikacin gwamnati da ta direban tasha, garejoji suka bazu a ɓangaren Doka, daga bayan titin Ahmadu Bello har Kawo. Akasarin makanikan da suka riƙe waɗannan motoci a hannun ubangida suka koyi sana'a, kuma koyon gareji na ido ne da kunne da tafin hannu. Abin da ya yi ƙara, ko ya zuba, ko ya karye, ba ya wuce su. Da wannan basira suka raya 504 shekaru da dama bayan Faransa ta daina ƙera ta.

Sai dai ruwan da ke cikin man birki ba ya ƙara, ba ya zuba. Abin da gareji ya gada shi ne ciko idan man ya ragu, da cire iska idan birki ya yi laushi. Zubar da man da bai nuna wata alama ba, don kawai ya shekara biyu, bai shiga al'ada ba, kuma mai mota ma zai ɗauka ana neman cin kuɗinsa ne. Alhali daminar Kaduna takan kai wata shida, ruwa na shiga ta murfin tankin man da ta jikin tiyon roba, gwangwanin da aka buɗe aka ajiye a kan kanta kuwa ya riga ya sha nasa kafin a zuba shi.

A cikin gari, inda ƙasa take shimfiɗe, motar za ta yi ta tsayawa lafiya. Ranar da ta ɗauko kaya tana gangarowa daga Jos ta Hawan Kibo, direba na kan birki ba ɗagawa, zafi ya kai ga man, ruwan da ke ciki ya zama tururi. Tururi yana matsuwa, sai ƙafar direba ta nutse har ƙasa motar ba ta rage gudu ba. Bayan ƙarfe ya huce tururin yakan koma ruwa, birki ya dawo kamar bai taɓa yin komai ba. Wanda ya zo duba motar ba zai ga abin da ya karye ba, labarin ya tsaya a kan cewa birki ya tsinke.

Aikin wankewar ba shi da nisa da cire iskar da kowane yaron gareji ya iya. Ana zuƙe tsohon man daga tanki, a cika da sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Bisa al'ada ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta: a sa siririn tiyo a bakin notin fitar da iska zuwa cikin kwalba, mutum ɗaya ya taka birki ya riƙe, ɗaya ya kwance ya ɗaure, har sai mai garau ya fito ba kumfa. Ba a barin tanki ya ƙafe, kuma lita 1 takan ishi ƙaramar mota. Amma idan man inji ko man sitiyari ne aka zuba bisa kuskure, wanki kaɗai ba ya magani, domin irin wannan mai yana kumbura robobi, dole a sauya su duka.

Tun da motocin Kwatano suka maye gurbin 504 a titunan Kaduna, lissafin ya ƙara tsada. Yawancinsu suna da na'urar ABS, mai ƙananan bawul-bawul da gurɓataccen mai ke toshewa ko ya sa su tsatsa, kuma a wasunsu sai an haɗa kwamfuta kafin a fitar da man da ya maƙale a ciki. Da yawa sun iso ne da man da aka zuba tun a Turai, suka ci damina bayan damina a nan ana yi musu ciko.