Ɗan Maraya Jos: Mawaƙin Da Ya Ɗauki Kuntigi Ya Yi Wa Talaka Kirari

Alhaji Adamu Wayya, wanda duniya ta fi sani da Ɗan Maraya Jos, yana daga cikin manyan mawaƙan baka na Hausa a ƙarni na 20. An haife shi a shekarar 1946 a garin Bukuru da ke kusa da Jos, a Jihar Filato ta yanzu, ya kuma rasu a Jos ranar 20 ga watan Yunin 2015.

Laƙabinsa ya samo asali ne daga rayuwarsa. Mahaifinsa makaɗin fada ne, ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifiyarsa ma ba ta jima ba ta bi shi. Sarkin Hausawan Bukuru, wanda mahaifin yake yi wa kiɗa, shi ya ɗauki yaron ya rene shi. Tun yana ƙarami ya yi tafiya zuwa Maiduguri, inda ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa.

Kuntigi ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, ana yin cikinsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Mamman Shata yana waƙa da makaɗan kalangu da 'yan amshi, Musa Ɗanƙwairo yana da ƙungiyarsa ta masu kotso. Ɗan Maraya kuwa shi kaɗai yake tsayawa, shi ne makaɗi, shi ne mai waƙa. Idan labari ya buƙaci mutum biyu ko uku, sai ya riƙa sauya murya, ya zama miji, ya zama mata, ya zama magulmaci. Haka ya yi a Jawabin Aure da Gulma Wuya, waɗanda suka fi kama da wasan kwaikwayo a bakin mutum ɗaya.

Abin da ya fi bambanta shi da sauran shi ne waɗanda ya zaɓa ya yi wa waƙa. A al'adar fada da ya tashi a cikinta, kirari na sarki ne da mai sarauta da attajiri. Shi ma ya yi wa manya waƙa, kuma a lokacin Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa. Amma waƙar da ta fara fito da shi ita ce Waƙar Karen Mota, wadda ya yi wa yaran da ke kiran fasinja, suna loda kaya, suna sa wa taya waigi, suna kwana a tasha. Duk wanda ya tsaya a tashar mota ta Birnin Kudu ko ta Gwaram a yau zai ga irin waɗannan yara suna wannan aiki, kuma har yanzu ba kasafai ake tunawa da su ba.

Daga nan ya shiga cikin gidaje. A Auren Dole ya soki iyayen da ke aurar da 'ya'yansu mata ba da son ransu ba. A Mai Akwai Da Babu ya duba tazarar da ke tsakanin mai hali da matalauci, a Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali kuma ya yi nazarin butulci da sauyin zuciyar mutum. Ta wannan fuska aikinsa ya yi kama da na mawaƙan baƙar fatar Amurka irin su Sam Cooke da Aretha Franklin, waɗanda suka ɗauko salon waƙar coci suka faɗi damuwar jama'arsu da shi.

Ya samu lambar girmamawa ta ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa ake kiransa Dakta.

Yawancin waƙoƙinsa an ɗauke su ne a faifan garmaho da kaset da ɗakunan gidajen rediyo, kayan da zafi da ƙura ke lalatawa. Waɗanda ke yawo a YouTube da wayoyin hannu galibi ba su ɗauke da shekara ko wurin da aka ɗauke su. Matasan mawaƙa sun fi karkata ga kiɗan fiyano na situdiyo, ba a cika ganin mai koyon kuntigi ba. Aikin da ke gaban gidajen rediyo da sassan nazarin Hausa na jami'o'i shi ne su tattara waƙoƙin, su rubuta baitocinsu, su adana su tun waɗanda suka yi zamani da shi suna raye.