Zaɓen Cike Gurbin Gwamna: Darasi Daga Jihar Adamawa, 2014

A cikin wannan maƙala za mu dubi wani zaɓe da aka shirya amma bai yiwu ba. Ƙa'ida a Nijeriya ita ce, in aka tsige gwamna mataimakinsa ke gadonsa, kamar yadda Abba Musa Rimi ya gaji Balarabe Musa a Kaduna cikin 1981. In kuwa aka rasa su duka biyu, sashe na 191 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce Kakakin Majalisar Dokoki zai riƙe jihar, kada ya wuce wata uku, a yi zaɓe.

Ranar 15 ga Yuli, 2014, Majalisar Dokokin Adamawa ta tsige Gwamna Murtala Nyako, ta kuma karɓi takardar murabus ɗin mataimakinsa, Bala Ngilari. Kakaki Ahmadu Fintiri ya zama muƙaddashi, hukumar zaɓe ta tsai da 11 ga Oktoba. Ana sauran kwana uku, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce murabus ɗin bai inganta ba, domin gwamna ya kamata a miƙa wa takardar, ba Kakaki ba. Aka rantsar da Ngilari, zaɓe ya rushe. A 2016 kotu ta soke tsigewar Nyako ita kanta, amma wa'adinsa ya riga ya ƙare.

Abin lura a nan shi ne, Kakakin da majalisarsa ta tsige gwamna shi ke gadon kujerar. Muna ganin wannan tanadi yana bukatar gyara, domin ba a ba kura ajiyar nama.