Daga Badun Zuwa Sakkwato: Tarihin Ciwon Da Ke Cin Fuskar Yara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Tun da aka kafa mana wannan unguwa ta Sabo a 1916, iyayenmu da suka gangaro kurmi da shanu suka koma da goro ba su rasa masu duba lafiyarsu ba. Wanzami na nan da zabirarsa. Shi ke cire beli, shi ke yin ƙaho, shi ke tsaga ƙurji, haƙori idan ya yi kogo ya hana barci shi ake kira. Amma akwai ciwo ɗaya da wanzami kan duba ya girgiza kai, wato wanda ke fara wa yaro daga dasashi, kafin mako biyu ya huda kumatu har a hango haƙora daga waje. Wasu na ce masa ciwon iska, wasu ciwon daji, wasu zaizayar baki. Likitoci na kiransa noma. Kada sunan ya ruɗe mu, ba shi da dangantaka da noman gona. Kalma ce ta Girkanci da ke nuni da abin da ke ci yana yaɗuwa.

Abin da ya sa aka jingina shi ga iska ba boyayye ba ne. Yaro ne ɗan shekara biyu zuwa shida, jiya-jiya ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi, sai baki ya soma wari, yawu na dalala, kunci ya kumbura. Kwana kaɗan wurin ya yi baƙi, nama ya zube. Duk wanda ya ga irin wannan sauri zai ce ba banza ba. Sai a shiga hayaƙi da turare da rubutu, a ɓoye yaron a ƙuryar ɗaki. Mafi yawansu ba su kai labari. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara kusan 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma tara cikin goma na mutuwa idan ba a yi magani ba.

To, tarihi ya nuna ciwon ba namu ne mu kaɗai ba. Turai ta sha fama da shi ɗaruruwan shekaru, a gidajen marayu da unguwannin talakawa. Da abinci ya wadata, tsabta ta inganta, sai ya ɓace musu tun kafin a samo penisilin. Bai sake bayyana da yawa ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu, a sansanonin da Jamus ta tsare mutane ta bar su da yunwa. Kun ga ke nan, inda yunwa ta sauka nan yake sauka, ba ruwansa da ƙabila ko launin fata.

Gyaran fuska da wuƙar likita shi ma yana da nasa asali. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji da dama sun dawo harsashi ya tafi da haɓa ko hanci. Wani likita mai suna Harold Gillies, a asibitin da aka buɗe a Sidcup ta Ingila a 1917, ya ƙware wajen ɗauko fata daga wani sashe na jikin mutum, ba tare da an yanke mata hanyar jini ba, a dasa ta inda aka rasa. Wannan ilimi ne ya iso mana nan Badun.

Asibitin UCH, da ba shi da nisa da mu, an buɗe shi a 1957. A farkon shekarun 1960 wani likitan tiyata Bature, Michael Tempest, ya yi aiki a can, ya duƙufa kan yaran da wannan ciwo ya ci wa fuska. A 1966 ya fitar da bayani kan mutum 250 da aka gani a nan, kuma har gobe masana na komawa gare shi. Ya lura cewa yawanci yaran masu tamowa ne, kuma ƙyanda ce ta fi share wa ciwon hanya. Abin lura a nan, a ƙasar Yarabawa aka ga waɗannan yara. A wancan zamani kurmi ma na da shi. Yau ya ja baya a nan, ya fi tsanani a Sakkwato da Zamfara da Kabi da ƙauyukan Nijar, wato garuruwan da yawancinmu muka fito.

A asibitin nan dai aka koyi bambance ciwo da ciwo, domin ba kowane kumburin muƙamuƙi ne noma ba. Akwai wata sankara ta yara mai kumbura haɓa, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ita da allurai ake kashe ta, kuma Farfesa Victor Ngu, mutumin Kamaru da ya yi aiki a Badun, yana cikin waɗanda suka samu babbar lambar yabo a Amurka a 1972 saboda wannan aiki. Shi ya sa likita ke duba cikin baki, ya ɗauki hoton ƙashi, wani lokaci ya yanki ɗan nama a auna. Ido kaɗai ba ya raba su.

Yaron da ya tsira daga noma, wahalarsa ba ta ƙare ba. Tabon kan ƙanƙance ya ɗaure muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa, sai dai a tura masa kunu ta gefen haƙori. Magana ta gagara, makaranta ta gagara, idan mace ce aure ya zama abin tunani. Aikin likita a nan mataki-mataki ne. Da fari a ciyar da shi ya yi ƙwari. Sannan a sa shi barci, wanda shi kansa aiki ne, tunda baki a kulle yake, sau da yawa ta hanci ake zura bututun numfashi. A saki muƙamuƙin, a ɗauko fata daga goshi ko ƙirji ko ƙarƙashin haɓa a toshe ramin, a gina leɓe ko hanci. Wani sai an shiga da shi sau uku ko huɗu, bayan haka kuma a yi watanni ana motsa masa baki don kada ya sake ɗaurewa.

Arewa ta samu nata gwanaye, irin su Farfesa Adekeye da ya daɗe yana wannan tiyata a Kaduna. A 1999 aka buɗe asibitin noma na yara a Sakkwato, inda ake aikin kyauta, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa. Najeriya ta ware 20 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da ciwon. Ita ce kuma ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a Disamba 2023, ta saka shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Jama'a, duk wannan tiyata gyaran ɓarna ce. Ciwon da ke cin watanni a hannun likitan fiɗa, idan aka tare shi tun yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha da wanke baki da abinci mai kyau sun ishe shi, da yardar Allah. Kuma ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, balle a guji mai shi.

Mu 'yan Sabo kullum muna kan hanya. Motar goro na tafiya, ta shanu da albasa na dawowa, waya ba ta yankewa tsakaninmu da gida. Idan aka ce mana ɗan wane bakinsa na jini yana wari bayan ƙyanda, kada mu tsaya ga "Allah ya sawwaƙe". Mu tura kuɗin mota a kai shi asibiti ranar, addu'a ta bi shi can, don neman magani umarni ne na addini. Mu kai yara rigakafin ƙyanda, mu kula da cimarsu lokacin yaye, mu koya musu asuwaki da wuri. Wanda kuma ya san gidan da aka ɓoye mai tabo shekara da shekaru, yaro ne ko babba, ya faɗa musu akwai Sakkwato.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuri'a. Amin.