Allo da Turanci a Ƙasar Gwandu

Kafin Bature ya zo a 1903, Gwandu gari ne na alƙalami. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, ya zauna yana karantarwa, kuma almajiransa na rubutu da Larabci da ajami. Shi ya sa da boko ya iso, iyaye suka ɗauke shi kishiyar allo. Kuma suna da hujja, domin a kudu 'yan mishan ne ke riƙe da shi.

Turawa sun gane haka. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa, da malaman addini a ciki. Turanci sosai sai a Kwalejin Katsina, wadda aka kafa farkon shekarun 1920, ita ma ta ɗalibai ƙalilan ce, galibi 'ya'yan manya. A ganina nan aka yi ɓarna: an bar wa talaka allonsa, an rufe masa harshen ofis da kotu.

Makarantun Islamiyya na shekarun 1950, da irin su Malam Aminu Kano suka tsaya wa, su suka fara ɗinke ɓarakar, da aji da benci da Alƙur'ani wuri ɗaya. UPE ta 1976 ta kawo yawa, inganci ya yi ƙaranci.

Yau ga Jami'ar Tarayya a kan hanyar Kalgo, tun 2013. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a Gwandu, mai haddar da ko mu masu rubuta manhaja muke sha'awa, ba zai shige ta ba sai da kiredit a Turanci.