Ina Kwaɗin Gyaɗi-Gyaɗi Suka Tafi?

Mu da muka tashi tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a shekarun 1990 mun san dare biyu ne a shekara: daren rani mai tsit, da daren damina wanda kwaɗi ke raba shi da mu. Da an ɗauke ruwa bayan isha'i sai kududdufin bayan layi ya ɗauki kuka, har iyayenmu mata su riƙa ɗaga murya kafin a ji su. Da safe mu tafi da gwangwanin madara mu kwaso talibambam. Yau a yawancin layukan nan, in an ɗauke ruwa, ƙarar janareta kawai ake ji.

Kududdufi ba baƙo ba ne a Kano, tare da garin ya girma. Tun da Sarki Gijimasu ya fara ganuwa wajen ƙarni na 12, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ƙasar gini daga cikin gari ake haƙo ta. Kowane soro da ya tashi ya bar rami a kusa da shi, damina kuma ta cika ramin. Ga Jakara tana ratsa birni. Clapperton ya iske fadamarta ta raba garin biyu a 1824, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, shi ma ya ambace ta da ya zo a 1851. Turawan nan wari da zazzaɓi suka gani. Amma ramukan suna da aiki: su ne ke riƙe ruwan sama kafin ya shiga ɗakuna, a cikinsu kuma kwaɗi ke zuba ƙwai.

Da gari ya tsallake ganuwa ya nufi kudu ta titin Zariya, unguwanninmu sun gaji wannan tsari. Ruwanmu ba Jakara yake bi ba, rafin Tatsawarki yake gangarawa, ya haɗu da Salanta, ya nufi kogin Challawa. Sai abubuwa uku suka taru a kansa. Bulo da siminti suka maye gurbin tubali, ramin ƙasa ya rasa mai nema. Fili ya yi tsada, aka riƙa cike kududdufai da shara ana yanka fuloti. Sannan ruwan kwatamin gidaje da dagwalon masana'antun Sharaɗa suka mayar da rafukan kudu magudanar ƙazanta. Ita kanta Jakara an ɗaure ta da kankare, daga baya aikin titin Wuju-Wuju ya hau kanta.

Kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, ta nan kuma yake yin wani ɓangare na numfashinsa, ƙwansa ba shi da ɓawo. Saboda haka in ruwa ya lalace, shi ne kan gaba wajen tafiya. Babban binciken duniya da aka fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin ɗari na jinsunan kwaɗi da danginsu suna fuskantar ƙarewa. Shirun da muke ji a layinmu ɗan yanki ne na wannan lissafi.

Ba ko'ina labarin ya ƙare da shiru ba. A tsaunukan kan iyakar Togo da Ghana akwai wani kwaɗo mai santsin jiki da ba ya rayuwa sai a ƙoramar daji mai gudu. Masana sun sa masa suna Conraua derooi a 1972, sai ya ɓace musu shekaru da dama, har aka sake ganinsa cikin shekarun 2000. Sare daji da farautarsa don ci sun kusa gamawa da shi. Wani masani ɗan Ghana, Caleb Ofori-Boateng, ya zauna da mutanen yankin Amedzofe da sarakunansu, a 2018 aka keɓe wa kwaɗon dajin Onepone. Ƙoramar da aka kare dominsa ita ce mutanen wurin ke sha.

Bambancinmu da su shi ne can wani ya je ya ƙirga, ya rubuta. Mu da muke wuni gaban kwamfuta mun san cewa abin da ba a adana ba, ranar da ya ɓace babu mai iya cewa ga yadda yake. Mun buɗe tsofaffin hotunan sama na Google Earth, mun ja shekaru baya, mun ga tabon ruwa a inda yanzu shaguna suke. Hoton bai gaya mana sunan kududdufin ba, balle irin kwaɗin da ke cikinsa. Wannan yana bakin dattawan unguwa, su kuma kullum raguwa suke yi.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji Hausawa. Sai dai namu ya wuce kewa. Duk Agusta ruwan da ya rasa ramin zama yana shigowa tsakar gidajenmu, mu kwana muna kwalfewa da bokiti. Kududdufan da suka rage a Tarauni da kewaye ba su da yawa. Daminar bana, kafin tifa ta gaba ta juye musu ƙasa, mu fita da wayoyinmu bayan isha'i mu naɗi kukan da ya saura, da safe mu tambayi Baba mai unguwa sunan wurin, mu rubuta.