Tashoshin Ƙasashen Nesa a Kunnen Manoman Arewacin Kano

Sauraron gidajen rediyon gwamnatocin ƙetare ya kafu a ƙauyukan arewacin Kano, musamman na yankunan Ɗambatta, Bichi, Kunchi da Minjibir, tun daga shekarun 1960. A lokacin ne ƙaramin akwatin rediyo mai aiki da batir ya yi araha, kuɗin gyaɗa kuma ya ba manoma halin saye. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona manne da gona, saboda haka rediyo ɗaya a ƙofar gida ko gindin bishiya kan wadatar da majalisa guda.

Abin da ya sa muryoyin nesa suka iso shi ne gajeren zango. Irin wannan watsi yakan tashi sama, ya daki wani ɓangare na sararin samaniya, ya sauko a dubban kilomitoci, ba tare da neman izinin ƙasar da ya faɗa cikinta ba. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979.

Ƙasashen da ba su ga-maciji da Yammacin duniya ma sun shigo fagen. Rediyon Peking (Beijing) na ƙasar Sin ya buɗe sashen Hausa a 1963, shekara takwas kafin Nijeriya da Sin su ƙulla hulɗar jakadanci a 1971. Ke nan manomi ya riga gwamnatinsa jin ta bakin Sin. Rediyon Mosko ma ya yi shirye-shiryen Hausa a zamanin yaƙin cacar baki, kuma suka tsaya bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Daga baya Iran, wadda takunkumi ya takura tun bayan juyin juya halin 1979, ta kafa sashen Hausa a Tehran. Koriya ta Arewa kuwa tana watsa shiri da Larabci, Turanci da Faransanci, amma ba ta da Hausa, shi ya sa ba ta samu masu sauraro a karkara ba.

Waɗannan tashoshi sun jawo jama'a da wasiƙu. Mai sauraro ya aika takarda, a karanta sunansa da na ƙauyensu, wani lokaci a aiko masa da kalanda ko mujalla. Daga nan aka samu ƙungiyoyin masu sauraro. Yawan tashoshin ya kuma haifar da ɗabi'ar gwada labari: a ji na Landan, a murɗa a ji na Tehran ko Beijing, sannan a tafka muhawara a teburin mai shayi, kowa da sanin cewa mai tasha ba ya faɗin laifin kansa.

Shigowar wayar salula a 2001 da buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 sun rage wa gajeren zango kasuwa. Tashoshin waje da dama suka koma haɗin gwiwa da gidajen FM, waɗansu suka karkata ga intanet. Iran ta tattara labaranta a shafin Pars Today a 2016, ta kuma buɗe tashar Hausa TV ta intanet. Yanzu matasa kan kalli irin waɗannan shirye-shirye a waya, galibi guntayen bidiyo ta Facebook da WhatsApp. Tsadar data, ƙarancin wutar caji da raunin sabis su ne ke taƙaita kallon, abin da ya sa dattawa da yawa har yau suke riƙe da rediyonsu.